Niyuraminides da Annobar Mura: Tarihin Binciken Shekara Hamsin da Bakwai

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi labarin murar tsuntsayen da aka tabbatar da ɓullarta a wata gonar kaji kusa da Jaji a Jihar Kaduna cikin watan Fabrairu na 2006, sa'an nan ta bayyana a Magarya ta Jamhuriyar Nijar cikin wannan watan, zai iya tuna sunan da aka riƙa kiran cutar da shi a rediyo da jaridu, watau H5N1. Jama'a da yawa sun haddace wannan suna ba tare da sanin abin da haruffansa ke nufi ba. Maƙasudin wannan takarda shi ne bin tarihin ɗaya daga cikin haruffan nan biyu, watau harafin N, wanda ke tsaye a madadin wani sinadari da masana ke kira niyuraminides.

Za mu bi sawun wannan sinadari tun daga 1942, lokacin da wani mai bincike a Amurka ya fara hango alamarsa a cikin kwalbar gwaji, har zuwa 1999, lokacin da aka amince da magungunan farko da ke toshe aikinsa. Tsakanin waɗannan shekaru biyu akwai shekara 57. Abin da muke son nunawa shi ne, mafi yawan matakan wannan doguwar tafiya an taka su ne a wuraren da ba wanda ya zaci suna da dangantaka da maganin mura: a binciken yawun shanu, da kitsen ƙwaƙwalwa, da ƙwayoyin kwalara, da tsuntsayen teku.

Kafin mu shiga cikin bayani, ya kamata mu daidaita kalmomi uku da za mu riƙa amfani da su. Da kalmar bairus muna nufin nau'in ƙwayar cutar da ta fi bakteriya ƙanƙanta ƙwarai, wadda ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin jikin wani mai rai. Da ƙwayar jiki muna nufin ƙananan ɗakunan nan masu rai waɗanda da su aka gina jikin mutum da na dabba. Shi kuwa inzayim, furotin ne da ke gaggauta wani aiki guda, kamar yanka ko haɗawa, ya gama ya fito lafiya, ya sake yin wani. Niyuraminides inzayim ne, kuma aikinsa yanka.

2.0 Annobar 1918 da Neman Tushenta

Ba za a fahimci dalilin da ya sa masana suka duƙufa a kan mura ba sai an waiwayi annobar 1918. Cikin ƙasa da shekara biyu wannan annoba ta zagaye duniya, kuma ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne ta kashe mutum kimanin miliyan 50. Ta sauka Ikko ta jirgin ruwa cikin watan Satumba na 1918, ta bi hanyar jirgin ƙasa da hanyoyin fatake ta watsu cikin ƙasa, kuma masana tarihi sun ƙiyasta cewa a Nijeriya kaɗai ta hallaka kusan mutum rabin miliyan.

A wancan zamani likitoci da yawa sun ɗauka cewa wata bakteriya ce ke haddasa cutar, wadda Richard Pfeiffer na Jamus ya gano a kakin majiyyata cikin 1892. Sai a 1931 Richard Shope na Amurka ya nuna cewa murar aladu tana tattare da wani abu da ke iya ratsa matacin da ke tare bakteriya. Bayan shekara biyu, watau a 1933, masana uku a Landan, Wilson Smith da Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw, suka tace ruwan kurkurar maƙogwaron masu mura, suka ɗiga shi a hancin wata dabba mai kama da tunku, dabbar ta kamu, ta kuma harbi 'yan'uwanta. Ta haka aka tabbatar da cewa bairus ne tushen cutar.

Sanin mai laifi daban, sanin yadda yake aikata laifin daban. Ba a iya ganin bairus da madubin likita na yau da kullum, saboda haka sai ta hanyar ayyukansa ake gane shi. Abin da ya sauƙaƙe aikin shi ne, zuwa 1940 an koyi kiwon bairus ɗin mura a cikin ƙwan kaza mai ɗan tsako a ciki, har a samu mai yawa da za a yi gwaji da shi.

3.0 Abin da Hirst Ya Gani

Cikin 1941 George Hirst, wanda ke aiki a ɗakunan binciken Gidauniyar Rockefeller a birnin Niyok, yana ɗibar ruwa daga irin waɗannan ƙwai sai jinin ɗan tsakon ya gauraya da ruwan. Ya lura cewa a ƙwan da ke ɗauke da bairus jajayen ƙwayoyin jinin sun dunƙule sun yi gudaji, alhali a ƙwan da ba bairus ba su yi haka ba. A wannan shekarar wasu masana biyu a Toronto ta Kanada, McClelland da Hare, suka ga irin wannan abu. Ma'anarsa ita ce, bairus yana da wani abu a bayansa da ke manne wa ƙwayoyin jini, ya haɗa wannan da wancan. Wannan abu mai mannewa shi ne daga baya aka sa wa suna himagulutinin, kuma shi ne harafin H.

Gano wannan kaɗai ya isa abin alfahari, domin ya ba likitoci hanya mai arha ta auna yawan bairus da ƙarfin garkuwar jini. Amma Hirst bai tsaya nan ba. A 1942 ya ba da rahoton wani abu da ya fi na farko ban mamaki. Idan aka ajiye gudajin a wuri mai ɗumi irin na jikin mutum, watau digiri 37, bayan 'yan sa'o'i bairus ɗin yakan saki ƙwayoyin jinin ya koma cikin ruwa, idan kuwa a wuri mai sanyi ne, sakin yakan yi jinkiri ƙwarai. Bairus ɗin da ya saki yana nan da ƙarfinsa, zai iya dunƙule sabon jini. Su kuwa ƙwayoyin jinin da ya saka, ba sauran irin wannan bairus da zai iya kama su kuma.

Hirst ya yi tunani a kan waɗannan abubuwa uku. Abin da ke aiki da sauri cikin ɗumi, ya canza abin da ya taɓa, shi kuwa ya fito bai canza ba, wannan hali ne na inzayim. Saboda haka ya kawo ra'ayin cewa bairus ɗin mura yana ɗauke da inzayim mai lalata mazaunin da ya kama. A nan ne tambayar da ta ɗauki shekara da shekaru ta taso: don me mai cuta zai rushe ƙofar da ya shiga ta cikinta?

4.0 Daga Kwalara zuwa Yawun Shanu

Amsar ta fara fitowa daga Melbon ta Ostireliya, a Cibiyar Walter da Eliza Hall, ƙarƙashin jagorancin Macfarlane Burnet. A 1947 Burnet da abokiyar aikinsa Joyce Stone suka nuna cewa bakteriyar da ke kawo kwalara tana zubar da wani inzayim mai irin wannan aiki daidai. Idan aka jiƙa jajayen ƙwayoyin jini da ruwan da aka yi kiwon wannan bakteriya a ciki, bairus ɗin mura ba ya iya kama su. Suka kira shi inzayim mai rushe mazauni. Wannan ya nuna cewa makamin ba na mura kaɗai ba ne, kuma ya samar da hanyar tara shi da yawa don nazari. Tun a 1948 Burnet ya yi hasashen cewa idan aka samu wani sinadari da zai shagaltar da wannan inzayim a hanyoyin numfashi, mai yiwuwa a hana kamuwa da mura. Sai dai ba a san ko mene ne inzayim ɗin ke yankawa ba, balle a ƙera abin da zai toshe shi.

Wanda ya ɗauki wannan aiki shi ne Alfred Gottschalk, masanin sinadaran jiki wanda ya baro Jamus a 1939 saboda zaluncin mulkin Nazi ya zauna a Melbon. A 1949 ya nuna cewa idan aka haɗa bairus ɗin mura da wani furotin mai yauƙi na farin ƙwai, wani ɗan ƙaramin yanki mai dangantaka da sukari yakan gutsure ya fito.

A nan ne aikin wasu mutum biyu da ba ruwansu da mura ya shigo cikin labarin. Tun a 1936 Gunnar Blix na Upsala a ƙasar Suwidin ya tace wani sinadari mai tsami daga yauƙin da ƙullutun yawu na ƙarƙashin muƙamuƙin shanu ke fitarwa, wanda daga baya aka kira siyalik, daga kalmar Girkanci mai nufin yawu. A 1941 kuma Ernst Klenk na Kolon a Jamus ya samo wani sinadari daga kitsen ƙwaƙwalwa ya kira shi niyuraminik, daga kalmar da ke nufin jijiya. An daɗe kafin a gane cewa 'yan gida ɗaya ne. Zuwa tsakiyar shekarun 1950 aka tabbatar da cewa yankin da bairus ke gutsurewa shi ne wannan sinadari. A 1957 Blix da Gottschalk da Klenk suka daidaita a kan sunayen da za a riƙa amfani da su, kuma a wannan shekarar Gottschalk ya raɗa wa inzayim ɗin suna niyuraminides, watau mai yanke niyuraminik. An yi shekara 15 ke nan tsakanin ganin alama da raɗin suna.

5.0 Aikin Niyuraminides a Jikin Majiyyaci

Siyalik wani nau'in sukari ne da ke zaune a ƙarshen sarƙoƙin sukarin da suka lulluɓe ƙwayoyin jiki, kamar yadda ganye ke zaune a ƙarshen reshe. Akwai shi da yawa a bangon hanyoyin numfashi, akwai shi a cikin majina da kaki, akwai shi kuma a bayan jajayen ƙwayoyin jini. Shi ne abin da himagulutinin ke kamawa.

Cikin shekarun 1960 aka samu damar raba furotin biyun da ke bayan bairus, kuma a 1969 Graeme Laver da Robin Valentine suka nuna siffarsu da madubi mai aiki da lantarki. Himagulutinin kamar tsinke yake, shi kuwa niyuraminides kamar laimar kwaɗi, da siririn kara da kai mai ɓangare huɗu. Tsinkayen sun fi laimomin yawa nesa ba kusa ba.

Amsar tambayar Hirst ta fito fili a 1974, lokacin da Peter Palese da Richard Compans da abokan aikinsu suka yi nazarin wasu bairus da niyuraminides ɗinsu ba ya aiki idan zafi ya ƙaru. Suka ga bairus ɗin yana shiga ƙwayar jiki lafiya, yana hayayyafa lafiya, 'ya'yansa suna tsirowa daga bangon ƙwayar. Amma a nan suke maƙalewa, su manne da bangon, su manne da juna, su yi curi. Dalili shi ne, sabon bairus yakan fito ne sanye da rigar da ya yago daga bangon ƙwayar jikin, kuma rigar da bangon duk suna ɗauke da siyalik, abin da himagulutinin ba ya gani ya ƙyale. Ashe hannun da ya kama ya shigar da bairus, shi ne kuma zai ɗaure 'ya'yansa a bakin ƙofa. Niyuraminides shi ne wuƙar da ke yanke wannan igiya, 'ya'yan su watse su kama sababbin ƙwayoyi, su kuma fita cikin tari da atishawa.

Daga baya an gano masa aiki na biyu. Majinar da ke shimfiɗe a hanyoyin numfashi cike take da siyalik, watau tarko ce da jiki ya ɗana. Bairus ɗin da ya faɗa cikinta yakan maƙale, sai an share shi waje. Da niyuraminides yake yanke hanya ya ratsa har ya kai ga ƙwayoyin da ke ƙasa. Akwai kuma na uku, wanda ya shafi mace-mace kai tsaye. Idan aka aske siyalik daga bangon huhu, wuraren da bakteriyar ciwon huhu ke iya kamawa sukan buɗe. Nazarin da aka yi a 2008 a kan ragowar naman huhun waɗanda suka mutu a annobar 1918 ya nuna cewa mafi yawansu ciwon huhu na bakteriya ne da ya biyo bayan mura ya ƙarasa su.

6.0 Darasin 1957 da 1968

Bairus ɗin mura yana ɗauke da bayanan gadonsa ne a gutsattsari 8, kuma idan iri biyu suka haɗu a ƙwayar jiki ɗaya sukan yi musayar gutsattsarin. Ta haka sabon iri ke fitowa da sabon H ko sabon N wanda garkuwar jama'a ba ta san shi ba. Tsarin suna na H da N da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 1971, ta kuma gyara a 1980, an gina shi ne a kan wannan. A tsuntsayen ruwa an samu N iri 9, daga N1 zuwa N9.

Annobar 1918 irin H1N1 ce. Ta 1957, wadda ta taso daga Asiya, ta zo da sababbin haruffa biyu, watau H2N2. Ta 1968 kuwa, wadda aka fi sani da murar Hon Kon, ta canza H kawai ta riƙe N ɗin 1957, ta zama H3N2. Wannan ya ba masana damar auna amfanin garkuwar da jiki ke yi wa niyuraminides shi kaɗai. A 1968 Jerome Schulman da Edwin Kilbourne suka nuna a jikin ɓeraye cewa irin wannan garkuwa ba ta hana bairus shiga, amma tana rage yawansa a huhu da ɓarnar da yake yi. A 1973 kuma Arnold Monto da Alan Kendal suka ba da rahoton bincikensu a garin Tecumseh na Jihar Mishigan, inda suka ga cewa mutanen da jininsu ke ɗauke da garkuwar N2 tun kafin annobar 1968 ba su kamu kamar sauran ba.

Duk da wannan shaida, hankalin masu yin allurar rigakafi ya tsaya a kan H. Ƙa'idar da aka kafa ta auna ƙarfin allurar mura ta shekara-shekara ta dogara ne a kan yawan himagulutinin da ke cikinta, ba a kuma ƙayyade adadin niyuraminides ba. Masu iya magana sun ce ɗan hakin da ka raina shi kan tsone maka ido. Masana da dama a wannan ƙarni sun koma kan wannan batu, musamman da yake N ba ya saurin canza kama kamar H.

7.0 Daga Siffa zuwa Magani

A 1969 Peter Meindl da Hans Tuppy a Biyana suka haɗa wani sinadari mai kama da siyalik wanda ke rage aikin inzayim ɗin a kwalbar gwaji. Amma shi da danginsa ba su warkar da dabbobin gwaji ba. Masu binciken sun kasance kamar maƙerin da ke ƙera mabuɗi bai taɓa ganin cikin kwaɗon ba.

Ganin cikin kwaɗon ya samu ne ta hannun Graeme Laver na Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya a Kanbera. A 1978 ya yanke kawunan niyuraminides daga karansu, ya kuma samu nasarar daskarar da su suka zama tsararrun ƙwayoyi kamar na gishiri. Idan aka haska irin waɗannan ƙwayoyi da hasken eksire, ana iya lissafa mazaunin kowace zarra a cikin furotin ɗin. Peter Colman da Joseph Varghese a Melbon suka yi wannan lissafi, aka buga sakamakon a 1983. Daɗin daɗawa, tun farkon shekarun 1970 Laver da Robert Webster sun riƙa zuwa tsibiran gaɓar arewa maso gabashin Ostireliya suna neman bairus ɗin mura a jikin tsuntsayen teku, aikin da wasu suka ɗauka yawon shan iska ne. Daga ɗaya daga cikin waɗannan tsuntsaye aka samo irin N9, wanda ƙwayoyinsa suka fi na baya kyau, suka kuma taimaka ƙwarai a binciken da ya biyo baya.

Abin da siffar ta nuna shi ne, a saman kowane ɓangare na kan akwai wani ɗan rami inda siyalik ke shiga a yanke shi. Gefen ramin yana canzawa daga wannan iri zuwa wancan, amma cikinsa kusan iri ɗaya ne a dukkan murar mutane ta rukunin A da B, domin in ya canza da yawa wuƙar ta dakushe. Mark von Itzstein da abokan aikinsa a Kwalejin Harhaɗa Magunguna ta Biktoriya suka yi amfani da kwamfuta suka nemo wani gurbi a cikin ramin da siyalik ba ya cikewa, suka ƙara wa tsohon sinadarin Biyana wani reshe da zai cike shi. Aka bayyana sakamakon a 1993, shi ne maganin zanamibir, wanda ake shaƙa, ake kuma sayarwa da sunan Relenza. Kamfanin Gilead a Amurka ya bi wannan taswira ya ƙera oseltamibir, wanda ake haɗiya, kamfanin Roche ya fitar da shi da sunan Tamiflu. An amince da su duka biyu a 1999. Hasashen Burnet ya tabbata bayan shekara 51.

8.0 Iyakar Maganin

Gaskiyar tarihi ba ta yarda mu tsaya a kan nasara kawai ba. Da yake maganin fita yake hanawa, amfaninsa ya fi yawa idan an fara shi cikin sa'a 48 da bayyanar alamun cuta, kafin bairus ya gama watsuwa. Haka kuma a lokacin sanyin 2007 zuwa 2008 wani irin H1N1 da ya canza ɗigo ɗaya tak a furotin ɗin ya daina jin oseltamibir, ya kuma bazu a duniya, har sai da sabon H1N1 na annobar 2009, wanda ke jin maganin, ya ture shi.

Bayan gwamnatoci sun kashe maƙudan kuɗi wajen tara maganin saboda tsoron H5N1, an yi doguwar jayayya a kan samun cikakkun bayanan gwaje-gwajen da kamfanoni suka yi. Nazarin da ƙungiyar Cochrane ta fitar a 2014 ya nuna cewa a jikin manya oseltamibir yana rage tsawon jinya ne da ƙasa da kwana ɗaya. Wasu nazarce-nazarcen da aka yi a kan waɗanda aka kwantar a asibiti lokacin annobar 2009 sun nuna raguwar mace-mace ga waɗanda aka ba maganin da wuri. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauke shi daga babban jerin muhimman magunguna zuwa jerin ƙari. Wajibi ne kuma a sani cewa bairus ɗin korona na 2019 ba shi da niyuraminides, saboda haka waɗannan magunguna ba su da abin da za su toshe a jikinsa.

9.0 Wuƙa Ɗaya, Mahauta da Yawa

Binciken Burnet a kan kwalara ya riga ya nuna cewa ba mura kaɗai ke riƙe da wannan wuƙa ba. Ita bakteriyar kwalara tana amfani da ita ne wajen aske bangon hanji ta yadda wuraren da gubarta ke kamawa za su ƙaru. Bakteriyar ciwon huhu tana da nata. Bairus ɗin hangum da na annobar kajin nan da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil sun haɗa kamawa da yanka a furotin guda. Jikin ɗan Adam ma yana da nasa iri 4 da yake sabunta ƙwayoyinsa da su, kuma rashin ɗaya daga cikinsu yakan haddasa wata cutar gado da ba kasafai ake samunta ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na sammore, cutar da ƙudan tsando ke sa wa shanu, wadda babbar alamarta ita ce ƙarancin jini da rama. A farkon shekarun 1980 K.A.N. Esievo da abokan aikinsa a Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, suka auna siyalik a jinin shanun da suka kamu. Suka ga yana raguwa a bayan jajayen ƙwayoyin jini yana ƙaruwa a cikin ruwan jinin, a daidai lokacin da ƙarancin jinin ke farawa. Bayanin shi ne, ƙwayar cutar tana sakin niyuraminides, shi kuma ya aske ƙwayoyin jinin, sa'an nan hanta da saifa su ɗauke su tamkar tsofaffi su lalata su kafin lokacinsu. Marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok na wannan jami'a ya ci gaba da binciken wannan inzayim a jikin ƙwayoyin sammore da na ciwon barci, aikin da ya sa aka ba shi Lambar Kimiyya ta Nijeriya a 2009. Abin da Hirst ya gani a jinin ɗan tsako a Niyok, shi aka sake gani a jinin saniya a Zariya bayan shekara 40.

10.0 Kammalawa

A wannan takarda mun bi tarihin niyuraminides daga gudajin jinin da ya warware a 1942, zuwa raɗin suna a 1957, zuwa gane aikinsa a 1974, zuwa ganin siffarsa a 1983, zuwa magani a 1999. Mun ga cewa aikinsa a cikin cuta shi ne yanke siyalik, domin mai cuta ya ratsa majina, ya kuɓutar da 'ya'yansa, ko ya buɗe wa guba hanya. Mun kuma ga cewa maganin da aka samu yana da iyaka, kuma batun sanya niyuraminides a ma'aunin allurar rigakafi bai ƙare ba. Shigar H5N1 cikin shanun madara a Amurka a 2024 ta sake tunatar da duniya cewa harafin N bai gama ba da labari ba.

Abin da ya rage shi ne mu tambayi kanmu, mu da ke horar da malaman kimiyya. Sau da yawa idan ɗalibi ko malami ya kawo shawarar bincike, tambayar farko da hukumomi kan yi masa ita ce, wane amfani zai kawo bana? Da an yi wa Blix wannan tambaya a kan yawun shanu a 1936, ko Laver a kan tsuntsayen teku, da ba su da amsar da za ta gamsar. Shawararmu ita ce, a ware wani kaso na kuɗin bincike don tambayoyin da amfaninsu bai fito fili ba tukuna, a kuma riƙa koyar da ɗalibai tarihin yadda aka gano abu tare da abin da aka gano, cikin harshen da suke tunani da shi. Gwajin Hirst bai bukaci fiye da ƙwai da jini da kwalba da ma'aunin zafi ba. Abin da ya bambanta shi da waninsa shi ne, da ya ga gudajin ya warware bai zubar da kwalbar ba, sai ya tsaya ya tambayi dalili.